Kwance kamshaf a gida: tambayoyi da amsoshi

Kamshaf shi ne sandar ƙarfen nan mai tozaye da ke danna bawul ya buɗe, sannan ta sake shi sifirin ya rufe shi, duk a daidai lokacin da fistan ke bukata. Kwance shi ba ya neman ƙarfin damtse, domin yawancin notunan da ke riƙe da shi ƙanana ne, amma kuskure ɗaya a cikin aikin yana iya lanƙwasa bawul ko ya lalata kan injin baki ɗaya. Amsoshin da ke ƙasa sun shafi injin da kamshaf ɗinsa ke sama, a cikin kan injin da makanikai ke kira tof silinda, sai inda aka ambaci wani iri daban.

Me ke sa a kwance kamshaf tun farko?

Sau da yawa ba shi ne ya lalace ba, hanya ya tare. A injuna da dama ba a kaiwa ga notunan kan injin sai an ɗaga shi, don haka wanda zai canja gasket ɗin tof silinda dole ya fara da shi. Haka ma wanda zai canja robar da ke hana mai sauka ta wuyan bawul, ko tafet, wato ƙarfen da ke tsakanin tozo da bawul, da ya fara ƙara, ko kuma zai gyara ratar bawul a injin da ake daidaita ta da ƙananan faifan ƙarfe da ake kira shim. Lalacewar kamshaf ɗin kansa, wato tozo ya cinye ko wuyansa ya karce, takan biyo bayan ƙarancin baƙin mai ko daɗewa ba a juye shi ba.

Idan yoyon mai ne kawai daga sil ɗin gaban kamshaf, a yawancin injuna cire fulin, wato faifan da bel ke juyawa a gaban sandar, ya wadatar, ba sai an taɓa sandar ba.

Me ya sa ake cewa sai na san irin injina kafin in kama sifana?

Domin aikin ya bambanta ƙwarai daga wannan injin zuwa wancan. Akwai mai kamshaf ɗaya a kan kowane layin silinda, wanda ake rubuta wa SOHC, akwai kuma mai biyu, DOHC, inda ɗaya ke kula da bawul na shigar iska, ɗayan kuma na fitar hayaƙi. Injin V6 mai DOHC ke nan yana da kamshaf huɗu. Akwai kuma tsohon tsari wanda kamshaf ke zaune a cikin gangar injin, yana tura bawul ta hanyar dogayen sanduna.

Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne ko fistan da bawul suna amfani da fili ɗaya a lokuta daban-daban. A mafi yawan injunan zamani, da kusan dukkan na dizal, idan bawul ya buɗe sosai alhali fistan yana ƙololuwa, to za su haɗu. Taimin, wato daidaiton lokacin motsin fistan da na bawul wanda bel ko sarƙa ke kiyayewa, shi ne kaɗai ke raba su. Da zarar an cire bel ko sarƙa, wannan kariyar ta tafi, kuma juya kamshaf da sifana ba tare da lura ba ya isa ya lanƙwasa bawul. Wanda bai tabbatar da irin injinsa ba, gara ya ɗauka cewa mai haɗuwa ne, ya yi aikinsa a kan haka.

Akwai ma injunan da ba a raba kamshaf da murfinsa sam. A jerin EA211 na Volkswagen, an haɗa sandunan a cikin murfin tun daga masana'anta, don haka idan ɗaya ya lalace, murfin ake canjawa dungurungum. Littafin gyara na ainihin lambar injin shi ke bayyana irin wannan, ba na sunan motar kawai ba, domin mota ɗaya kan fito da injuna iri uku ko huɗu.

Waɗanne kayan aiki ne ba a yi sai da su?

Bayan soket da sifana na yau da kullum, abu na farko shi ne sifanar awon ɗauri wadda ke karanta ƙaramin adadi, daga wajen Nm 5 zuwa 25 (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗauri). Babbar da ake ɗaure notin taya da ita ba ta da amfani a nan. Sai makarin fuli, da ƙarafan kulle taimin idan injin yana bukatarsu, da guduma mai kan roba, da alƙalamin fenti, da kwali ko tire mai gida-gida da za a jera kayan a kai bisa tsarin da suka fito. Kyamarar waya ma kayan aiki ce a nan: a ɗauki hoto kafin a taɓa kowane abu, musamman alamomin taimin da lambobin da ke kan maɗauran da ke riƙe da kamshaf.

Me ake cirewa kafin a kai ga kamshaf?

A bar injin ya huce sarai, sannan a cire kan batir mai alamar debewa, domin kada sitata ta juya injin a cikin kuskure. A wanke ko a hure ƙurar da ke kewaye da murfin bawul kafin a buɗe shi. Daga nan sai koyil da fulogi, kuma cire fulogin yana da amfani biyu, tunda yana sa injin ya juyu da hannu cikin sauƙi. Sai murfin bawul, da murfin taimin na sama, da sensar kamshaf, wadda gara a zare ta a ajiye gefe da a bar ta a hanyar sandar da za a ɗaga.

Dole kuma a duba abin da kamshaf ke juyawa ban da bawul. A tsofaffin injuna distiributa ce, kuma ana yi wa jikinta da inda rotarta ke kallo alama kafin a zare ta. A injin dizal sau da yawa famfon da ke zuƙe iska domin birki yana manne a ƙarshen sandar. A injin fetur mai fesa mai kai tsaye cikin silinda kuwa, akwai famfon mai da wani tozo na musamman ke turawa, wanda matsin da ke bututunsa kan wuce bar 100 (bar ma'aunin matsi ne) nesa ba kusa ba. Ba a kwance wannan bututun sai an sauke matsin yadda littafin ya tsara, kuma shi famfon ana sassauta notunansa biyu bi da bi, domin akwai sifirin mai ƙarfi a ƙarƙashinsa.

Yaya ake saita injin kafin a cire bel ko sarƙa?

Kamshaf yana juyawa sau ɗaya ne a duk juyi biyu na kiranshaf, babbar sandar ƙasa da fistan ke juyawa, wato digiri 720 na kiranshaf ke cika zagaye guda na aikin injin. Saboda haka fistan na ɗaya yana kaiwa ƙololuwa sau biyu a kowane zagaye: sau ɗaya a ƙarshen matse iska, sau ɗaya a ƙarshen fitar da hayaƙi. Na farkon ake nema. Nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, domin alamar da ke fulin kiranshaf tana zama daidai a duka biyun, alhali ta fulin kamshaf tana daidaita a ɗaya kawai. Idan alamar ƙasa ta hau amma ta sama tana can ɗaya gefen, sai a ƙara juyi guda cikakke. Wata shaidar ita ce tozayen silinda ta ɗaya: a matsayin da ake so, babu wanda ke danna bawul a cikinsu.

Ana juya injin ne ta notin fulin kiranshaf, ba ta na kamshaf ba, kuma ta ɓangaren da yake juyawa idan yana aiki. Yawancin injuna suna bin hannun agogo idan an dube su ta wajen fuli, amma tsofaffin injunan Honda na jerin B, D, F da H suna saɓa masa. Juya injin da baya yana sa sashen bel ko sarƙa da ya kamata ya miƙe ya saki, har haƙori ya iya tsallakewa. Idan an wuce alamar, ya fi aminci a ci gaba a sake zagayowa. Idan kuma aka ji injin ya cije, to a tsaya a gano dalili, kada a ƙara ƙarfi.

Ɗigon fenti a kan fuli da bel bai isa ya maye gurbin ƙarafan kulle taimin ba?

A injin da fulinsa ke zaune a kan maɓalli ko fegi, wanda ba ya shiga sai ta fuska ɗaya, fenti yana taimakawa a matsayin ƙari kan alamomin masana'anta. Amma akwai injunan da fulinsu ba shi da maɓalli ko kaɗan, ƙarfin ɗaurin noti ne kawai ke riƙe shi a wurinsa. K4M na Renault yana cikinsu, haka ma Duratec na Ford masu silinda huɗu da aka ƙera tare da Mazda. A irin waɗannan, da zarar noti ya saki, fulin na iya juyawa shi kaɗai ya bar sandar, kuma fentin da ke kansa ya daina nuna komai. Ana kulle kiranshaf da fegi, a kulle kamshaf da faranti a tsagar da ke bayansa, sannan a ɗaure. Wanda ba shi da waɗannan ƙarafan kada ya fara aikin.

Me zan yi da bel ɗin ko sarƙar yayin da kamshaf ke waje?

Bel ana sassauta tenshona ne, wato abin da ke miƙar da shi, a zame shi da hannu, ba a ɓanɓaro shi da sukuddireba, ba a kuma karya shi gida biyu. Idan za a mayar da shi, a zana kibiyar da ke nuna inda yake juyawa. Wanda mai ya jiƙa ko ya kusa cika wa'adinsa, sabo ake sawa. Tenshona mai aiki da mai ana matse ta ne a hankali ƙwarai a cikin bais, wato matsen ƙarfe na teburin aiki, har ramukanta su daidaita a zura fegi, domin matsewa da gaggawa tana lalata cikinta.

Sarƙa ta fi wuyar sha'ani, domin idan ta faɗa cikin murfin gaba tana iya sauka daga haƙoran ƙasa, kuma gyara wannan kan kai ga buɗe gaban injin gaba ɗaya. Ana mayar da tenshona baya a kulle ta ko a zare ta, a ɗaure sarƙar a jikin fulinta da igiyar roba, sannan a rataye ta da waya tana miƙe. A cusa tsumma mai tsabta a bakin ramin, domin wanshar da ta suɓuce can ƙasa take nufa.

Notin fulin kamshaf ya ƙi kwancewa. Da me zan tare sandar?

Yawancin sandunan suna da wani wuri mai kusurwa shida a jikinsu, an yi shi ne domin a kama da sifana yayin da ake kwance notin. Inda babu shi, makarin fuli ake amfani da shi. Ba a dogara da bel ko sarƙa su riƙe, ba a kuma dogara da farantin kulle taimin, domin aikinsa nuna matsayi ne, kuma ƙarfin kwance noti yana iya fasa tsagar da ya shiga. A kula kada sifanar ta jingina da bakin kan injin, tunda alminiyon ba ya jure irin wannan. Ana karya ƙarfin notin ne tun sandar tana ɗaure a mazauninta.

Fulin da ke sauya lokacin buɗe bawul, irin na VVT-i a Toyota ko VANOS a BMW, yana da sassa masu motsi da fegin kulle a cikinsa. Notin tsakiya kaɗai ake kwancewa, ba a taɓa ƙananan da suka haɗa jikinsa. Notin tsakiyar nan a injuna da yawa irin wanda ke miƙewa ne idan an ɗaure shi, don haka sau ɗaya ake amfani da shi.

Me ya sa ba a kwance maɗauran kamshaf ɗaya bayan ɗaya?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace nauyi. Ko da injin yana kan alama, akwai tozayen wasu silindodi da ke danne da bawul, kuma sifirin ɗinsu yana tura sandar sama da ƙarfi sosai. Maɗauran, waɗanda makanikai ke kira kaf, su ke raba wannan nauyin a tsakaninsu. Idan aka kwance huɗu gaba ɗaya aka bar ɗaya, duk ƙarfin zai taru a kansa, sandar ta karkace, kuma ɗayan uku zai faru: maɗaurin ya tsage, tiredin noti ya tsige daga alminiyon, ko sandar ta karye. Kamshaf da yawa na zubin ƙarfe ne, mai tauri amma mai gautsi, ba ya lanƙwasa ya yi gargaɗi kafin ya ɓalle. Na zamani kuma wasu bututu ne mai rami da aka cusa wa tozaye, shi ma ba ya son a murɗa shi.

Abin da ake yi shi ne a sassauta kowane noti kwata ko rabin juyi, a bi su duka bisa jerin da littafin ya bayar, sannan a sake zagayowa, har sandar ta taso a miƙe kuma sifirin ya gama sakin ƙarfinsa. Jerin da aka fi gani shi ne daga gefuna zuwa tsakiya, amma wasu injunan suna so a fara cire wasu maɗaurai a bar biyu da ke kusa da tozayen da ke danne, a sauke su a ƙarshe. A riƙa duban wurin da ke hana sandar zamewa gaba da baya, domin nan take maƙalewa idan ta taso a karkace. In an ga gefe ɗaya ya tashi ɗayan bai motsa ba, a mayar da notunan kaɗan a daidaita, sannan a ci gaba.

Wasu injunan Toyota, kamar 4A-FE, 5S-FE da 1MZ-FE, suna da wani abu na daban: kamshaf ɗaya ne ke juya ɗan'uwansa ta haƙora, kuma ɗaya daga cikin giyoyin falle biyu ne da sifirin a tsakani domin hana ƙara. Kafin a ɗaga sandar sai an zura noti mai kaurin milimita 6 ya haɗe fallen biyu. Wanda ya manta zai sha wahalar sake ɗana sifirin ɗin, wanda kuma ya manta ya cire notin bayan ya gama haɗawa, ɓarnarsa ta fi haka.

Maɗauran duk kamarsu ɗaya. Akwai laifi idan sun cakuɗe?

Akwai babban laifi. A masana'anta ana ɗaure su ne a kan kan injin, sannan a huda ramin sandar a bi ta cikinsu gaba ɗaya, don haka kowane maɗauri rabin da'ira ne da bai dace da kowane mazauni ba sai nasa, kuma ta fuska ɗaya. Wannan ne ya sa ba a sayar da su daban. Galibi babu wani boris a tsakani, sandar tana juyawa ne kai tsaye a kan alminiyon bisa siririn shimfiɗar mai, a ratar da ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba. Maɗaurin da ya sauya wuri yana iya matse sandar har ta cije.

Yawancinsu suna da lamba da kibiya mai nuna gaban injin, kuma a DOHC akan ƙara harafin I ga na shigar iska da E ga na hayaƙi. A goge mai a karanta su tun suna ɗaure. Inda babu lamba, a rubuta da fenti, kada a buga da ƙarfe.

An cire notuna amma maɗaurin ya ƙi tashi.

Ƙananan bututun da ke daidaita shi ne suka riƙe shi, na gaba kuma akwai gam a ƙarƙashinsa. A ɗan bubbuga gefensa da gudumar roba, ko a mayar da notuna biyu rabi cikin ramukansa a kama su a girgiza. Ba a cusa sukuddireba tsakanin fuskokin biyu.

Yaya ake ajiye tafet da roka, wato hannun ƙarfen da ke danna bawul?

Kowanne ya riga ya goge da tozonsa har sun saba, saboda haka inda ya fito nan zai koma. A jera su bisa lambar silinda da ɓangare. A injin mai shim, cakuɗa su yana nufin sake auna ratar kowane bawul daga farko, kuma shim kan manne a jikin tozo ya faɗi lokacin ɗaga sandar, don haka a ƙirga su nan take. Tafet mai aiki da mai an fi so a ajiye shi cikin baƙin mai mai tsabta domin kada ya tsiyaye. Wajen zaro masu kamar kofi, robar tsotsa ta fi maganaɗisu, domin ƙarfen da ya kama maganaɗisu yana tara ɓurɓushi daga baya.

Me zan duba a jikin sandar da ta fito?

A duba ƙololuwar kowane tozo ko akwai ramuka, ko karce, ko gefen da ya cinye, sannan a auna tsayinsa da maikuromita a gwada da 'yan'uwansa da adadin littafi. Wuyan sandar da mazauninsa ya kamata su kasance sumul. Karcen da farce ke maƙalewa a cikinsa ya wuce a yi masa shiru. Ana auna ratar mai da zaren roba na Plastigage, wanda ake shimfiɗawa a kan wuya, a ɗaure maɗauri daidai awo ba tare da juya sandar ba, a kwance a gwada faɗin da ya baje. Idan an sami cinyewa, a nemi sanadinta a hanyoyin mai da ƙaramar rariyar da ke tace man VVT, in ba haka ba sabuwar sandar ma haka za ta ƙare. Tozon da ya cinye kuma ba a haɗa sabonsa da tsohon tafet.

Idan kamshaf ɗin a cikin gangar injin yake fa?

Ta gaba ake zaro shi, don haka lagireto da abin da ke gabansa sukan fita. Dole roka da sandunan turi da dukkan tafet su fita tukuna, in ba haka ba tozaye za su sarƙe da su. Ana ɗaura dogayen notuna a gabansa su zama mariƙi, a riƙa juya shi a hankali ana tallafe da shi, domin kada kaifin tozo ya yanki boris ɗin da yake ratsawa.

Wajen mayarwa, bin matakan a juye ya wadatar?

Kusan, amma da ƙari. Littattafai da yawa suna cewa a kawar da kiranshaf daga ƙololuwa kafin a ɗaure sandar. A injin mai silinda huɗu a jere, digiri 90 yana ajiye dukkan fistan a tsakiyar hanya, inda bawul ba zai same su ba. A shafa mai a wuya da tozaye, a kwantar da sandar kusa da matsayin alamarta, a kama notunan da hannu, sannan a sauke ta kaɗan-kaɗan daga tsakiya zuwa gefuna ko yadda littafin ya tsara. Noti mai milimita 6 yakan tsaya ne a wajen Nm 10, abin da hannu ke wucewa ba tare da ya ji ba. A tsotse man da ya taru a ramukan notuna, domin noti ya danne shi yana iya tsaga alminiyon. Gam siriri ake sawa a inda aka nuna kawai, kada ya toshe hanyar mai.

Bayan an mayar da bel ko sarƙa an saki tenshona, a cire duk ƙarafan kulle, a juya kiranshaf da hannu sau biyu cikakku, a tabbatar alamomin sun koma daidai kuma babu inda ya cije. Ɗigon fentin da ke jikin bel ko mahaɗan sarƙa masu launi ba za su dawo wurinsu bayan juyi biyu ba, kuma wannan ba matsala ba ce. Alamomin fuli da na jikin injin ake dubawa.

Na tayar da injin yana ƙas-ƙas, fitilar gargaɗi kuma ta kama. Na ɓata wani abu ne?

Ƙarar tafet mai aiki da mai na 'yan mintuna bayan haɗawa abu ne da aka saba, tana lafawa idan mai ya cika su, muddin fitilar matsin mai ta mutu cikin daƙiƙu kaɗan. Idan wannan fitilar ba ta mutu ba, ko ƙarar ta zama bugu mai nauyi, a kashe injin nan take. Game da fitilar injin kuwa, lambar da na'urar bincike ta nuna ita ke faɗin inda za a dosa. P0340 tana nuni ga layin sensar kamshaf, kuma sau da yawa soket ɗinta ne aka manta ba a mayar ba. P0016 tana nufin kiranshaf da kamshaf ba su jitu ba, wanda bayan irin wannan aikin galibi haƙori ɗaya ne aka kuskure. A nan ba a ci gaba da tuƙi. A sake buɗe murfin taimin, a kawo fistan na ɗaya ƙololuwa, a duba alamomin ɗaya bayan ɗaya.